MAI BUSA MA YANA DA SUNA: DARASI DAGA RAYUWAR MAKAƊAN JAZ

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shekara biyu a Sashen Hausa ya san yadda ake nazarin waƙar baka. A samo faifai ko kaset, a saurara, a juye waƙar a takarda, sa'an nan a shiga fito da jigo da salo da zubi da tsari. Daga ƙarshe a kawo ɗan tarihin mawaƙin, watau garin da aka haife shi, da iyayen gidansa, da shekarar da ya rasu in ya riga mu gidan gaskiya. Wannan aiki ne mai kyau, kuma shimfiɗar da malamanmu suka yi mana a kansa ba abin rainawa ba ce. Sai dai akwai tambayoyin da ba safai ake yi ba. Wane ne ke rataye da kalangun da muke ji a bayan muryar? Wa ya koya masa? Yaushe ya shiga ƙungiyar, me ya raba shi da ita, kuma a ina ya ƙare rayuwarsa?

Ra'ayin da nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, nazarinmu ya rungumi mawaƙi ya bar makaɗi a rana, kuma lokacin da ya rage mana na gyara kaɗan ne, musamman a wurare irin ƙasar Danko ta Masarautar Zuru. Zan kafa hujja da rayuwar waɗansu mutane da za a ga kamar sun yi mana nisa, watau makaɗan jaz. Na zaɓe su ne sabili da dalili biyu. Na farko, da wuya a sami wani rukunin makaɗa a duniya da aka bi diddigin rayuwar kowane ɗayansu kamar waɗannan. Na biyu, nisan nasu bai kai yadda ake zato ba, gama waɗansu manyansu sun taka ƙasar nan, ɗaya ma ya zauna Zariya shekara huɗu yana neman ilmin sarewa.

Asalin Jaz da Tsarinsa

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suka ƙago a birnin Niyu Olins a farkon ƙarni na 20. Sun haɗa waƙoƙin da kakanninsu ke yi a gonaki, da waƙoƙin coci, da kayan busa irin na badujalar soja, suka fitar da wani abu sabo. A shekarar 1917 aka fara sayar da wannan kiɗa a faifan garmaho, kuma abin mamaki, ƙungiyar da ta sami wannan gata ta fararen fata ce zalla, alhali kuwa masu abin suna nan da ransu.

Wanda ya san waƙar fada ba zai sha wuyar gane tsarin jaz ba. Ƙungiya takan fara da wani ɗan gajeren sauti da kowa ya haddace, wanda ke matsayin gindin waƙa a wurinmu. Daga nan sai kowane makaɗi ya fito shi kaɗai ya ƙirƙiro nasa nan take, kamar yadda jagora ke kawo ɗiyan waƙa, sauran suna riƙe masa kiɗa. In kowa ya yi nasa, sai a koma gindi a rufe. Bambancin shi ne, a wurinmu galibi jagora ne ke kawo ɗiya, kuma da baki yake kawowa, amma a jaz mai ƙaho da mai fiyano da mai ganga kowa yana da rabonsa na magana, kuma da abin kiɗansa yake yin ta. Wannan tsari shi ya sa mai saurare kan tambayi sunan wanda ya yi busa kaza a wuri kaza.

Rayuwa Cikin Wahala

Kada wani ya zaci tun farko an ɗauki waɗannan mutane da daraja. Kallon da manyan Amurka suka yi musu bai fi wanda ake yi wa maroƙi a ƙasar Hausa ba, ga kuma wariyar launin fata a kai. Buddy Bolden, mai busa ƙaho wanda ake ɗauka shi ne jagoran jaz na farko, ya sami taɓin hankali aka kai shi asibitin mahaukata a 1907. Can ya zauna har ya mutu a 1931, kuma ba a sami faifai ko ɗaya mai ɗauke da busarsa ba. King Oliver, wanda ya kira Louis Armstrong zuwa Shikago a 1922 ya sa shi cikin ƙungiyarsa, ya ƙare yana sharar wani gidan wasa a garin Savannah, ya mutu cikin talauci a 1938. Charlie Parker, wanda ya sake wa jaz fasali a shekarun 1940, shaye-shaye sun ci ƙarfinsa, ya mutu a 1955 yana da shekara 34. Billie Holiday kuwa, zabiyar da muryarta ta game duniya, ta mutu a 1959 tana da shekara 44, bayan 'yan sanda sun kama ta a kan gadon asibiti.

Waɗansu ƙaura suka yi. Sidney Bechet ya koma Faransa, can ya mutu a 1959. Dexter Gordon ya zauna Turai daga 1962 zuwa 1976. Da kiɗan ya bazu duniya, wahalar ma ta bi shi. A Afirka ta Kudu, Hugh Masekela ya bar gida a 1960, bayan kisan gillar da 'yan sandan gwamnatin wariya suka yi a Sharpeville, bai koma da zama ba sai 1990. Abdullahi Ibrahim, mai fiyano na birnin Cape Town, wanda ya musulunta a 1968, shi ma ya daɗe yana gudun hijira. A Faransa, gobara ta lalata wa Django Reinhardt yatsu biyu na hannun hagu a 1928, ya sake koyon kaɗa jita da sauran yatsun har ya zama gwanin gwanaye.

To, in haka rayuwarsu ta kasance, yaya aka yi yau ake koyar da kiɗansu a jami'o'i, ake rubuta kundayen digiri a kansu?

Abin da Ya Cece Su

Amsar ita ce, waɗansu mutane sun tashi da alƙalami da na'urar ɗaukar magana tun tsofaffin suna da rai. A 1938 Alan Lomax ya zaunar da Jelly Roll Morton a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ya ɗauki hirarsa da kiɗansa na sa'o'i masu yawa. A daidai wannan lokaci, masu tattara labarai don littafin nan Jazzmen, wanda ya fito a 1939, suka gano wani tsoho mai suna Bunk Johnson a wani ƙaramin gari na jihar Luwiziyana. Yana aikin ƙodago, haƙoransa sun zube, ƙahonsa ya salwanta. Aka yi karo-karo aka sa masa haƙora, aka sama masa ƙaho, a 1942 aka ɗauki busarsa a faifai karo na farko. Ya mutu a 1949. Da an yi jinkirin shekara goma, da sai dai labari.

Ba a tsaya nan ba. A 1952 Marshall Stearns ya kafa cibiyar nazarin jaz, wadda daga baya ta koma Jami'ar Rutgers. A 1958 Jami'ar Tulane ta Niyu Olins ta buɗe taskar ajiye hirarrakin tsofaffin makaɗa. Shi kansa Bolden da bai bar sauti ba, wani mai bincike, Donald Marquis, ya bi tsofaffin takardun hukuma da bakin waɗanda suka san shi, har ya fitar da littafin tarihinsa a 1978. Masu binciken kuwa ba su haɗiye duk abin da aka gaya musu ba. Morton ya yi da'awar shi ya ƙago jaz a 1902, Johnson kuma an gano ya ƙara wa labarinsa gishiri. Sai da aka auna maganar wannan da ta wancan, aka gwada da takardu, kana aka tace gaskiya.

Abin da ya fi kome muhimmanci a ganina shi ne al'adarsu ta rubuta sunan kowa. Ɗauki faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue. An san ranakun da aka ɗauke shi a Niyu Yok, watau 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, 1959. An san mutum bakwai da suka sa hannu a cikinsa, har da Wynton Kelly wanda ya kaɗa fiyano a waƙa ɗaya tak. Mai gangar ƙungiyar, Jimmy Cobb, yaron gida ne a wancan aiki, amma da ya mutu a 2020 manyan jaridun duniya sun kawo tarihinsa. Ta haka ake iya bin salsalar makaɗan jaz kamar yadda muke bin salsalar malamai: Armstrong ya fito daga ƙungiyar Oliver, Miles Davis ya fito daga ta Parker, John Coltrane da Herbie Hancock sun bi ta hannun Miles Davis.

Ko a nan Afirka an ga amfanin ajiya. Kiɗan da Mulatu Astatke ya yi a Habasha tsakanin 1969 da 1974 ya kwanta bayan juyin mulkin soja na 1974. Sai da aka tono tsofaffin faya-fayan aka sake buga su a Faransa a 1998 sa'an nan duniya ta juyo gare shi. Gaskiyar masu iya magana, da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.

Baƙin da Suka Zo Mana

A ƙarshen 1960, jim kaɗan bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, Louis Armstrong ya zo ƙasar nan cikin rangadinsa na Afirka, har ya isa Kaduna, inda aka ɗauki hotonsa tare da Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Randy Weston, mai fiyano, ya zo Legas a 1961. Daga baya ya zauna Maroko shekaru yana koyo a wurin makaɗan Gnawa, zuriyar mutanen da aka kai can daga ƙasashen kudu da Sahara, waɗanda a cikin waƙoƙinsu akwai rukunin da ake jingina wa Hausawa.

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Yusuf Latif, wanda ake rubuta sunansa Yusef Lateef a jikin faya-fayansa. An haife shi ran 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga, ya tashi a Detroit. Ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949, kuma wajen wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci ta hannun jama'ar Ahmadiyya. Ban da sakisafon, watau ƙahon nan mai lanƙwasa, ya ƙware a sarewar Turawa da algaitarsu, ya kuma shigo da kayan busa na ƙasashen gabas cikin jaz, kamar yadda ake ji a faifansa Eastern Sounds na 1961. Ya yi aiki da Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964. Duk da sunan da ya yi, ya koma makaranta, har ya sami digirin dakta a fannin ilmi a Jami'ar Massachusetts a 1975, da kundin da ya dubi tsarin ilmin Turawa da na Musulunci.

Daga 1981 zuwa 1985 wannan dattijo ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a matsayin babban mai bincike. Yana da shekara sittin da ɗoriya, ya zagaya duniya da busa, amma ya zo ya duƙufa a kan sarewa, abin da makiyayi ke yankowa daga kara ko gora. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa, wanda aka buga a 1987. A 1983 ya ɗauki faifansa In Nigeria a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, kuma bisa al'adar mutanensa, an rubuta sunayen masu gangunan a jikin faifan. Ya koma Amurka ya ci gaba da koyarwa a jami'a, ya rasu ran 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.

A cikin 'yan ƙasa ma akwai abin lura. Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda ya rayu daga 1928 zuwa 2003, ya haɗa kayan busa na Turawa da waƙar Hausa a Kaduna, tsofaffi ba su manta da waƙarsa Ikon Allah ba. Tony Allen kuwa mai ganga ne a bayan Fela daga 1964 zuwa 1979, kuma daga faya-fayan Art Blakey da Max Roach ya tsinci salon jaz. Bai kasance jagoran waccan ƙungiya ba a bisa suna, amma a 2013 an buga littafin tarihinsa daga bakinsa, kafin ya rasu a Faris a 2020. Littafi nawa irin wannan muke da shi a kan mai kalangu, ko mai kotso, ko mai taushi?

Halin da Muke Ciki

Ba na cewa ba a yi kome ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kan Mamman Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa. An sami Shata Ikon Allah a 2006, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da Narambaɗa a 2009. Waɗannan ayyuka ne na a yaba.

Amma mu dubi kundayen da mu ɗalibai muke rubutawa kowace shekara. Jagora shi ne sarki a cikinsu. 'Yan amshi da makaɗa da sanƙira, in an ambace su, a layi biyu ne a ƙarƙashin kanun "yaransa". Kasa-kasan da muka gada ma haka suke, hoton jagora da sunansa, babu ranar ɗauka, babu wurin ɗauka, babu sunan mai ganga. Alhali kuwa Hausawa da kansu sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cire kalangu daga waƙar Shata, ko kotso da amshi daga waƙar Ɗanƙwairo, a ga abin da zai saura. Har ma waɗanda ke kaɗa wa kansu, irin Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, ko Garba Supa da kukumarsa, mun fi nazarin abin da bakinsu ya faɗa, mun bar abin da yatsunsu suka faɗa. Wanda kuwa sana'arsa busa ce zalla, kamar mai algaita ko mai sarewa, tun da ba shi da baitin da za mu juye a takarda, ba ya ma shiga lissafinmu.

Don Me Danko?

Danko ɗaya ce daga cikin sassa biyar na Masarautar Zuru, sauran su ne Dabai da Fakai da Sakaba da Wasagu, duk a kudancin Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro a 1991. Ƙasa ce ta haɗuwar al'ummu. Akwai Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai Dukkawa da Fakkawa da Kambari da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ita ce harshen kasuwa da ya haɗa su. Kowa ya lura da tarihin jaz zai ga cewa a irin wannan mahaɗa ne sabon kiɗa ke tsira, gama Niyu Olins ma mahaɗa ce. A ƙasar Zuru akwai kiɗan noma, da kiɗan kokawa wadda Dakarkari suka shahara da ita, da kaɗe-kaɗen bikin Uhola na godiya bayan kaka, da waƙoƙin golmo, watau noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Daɗin daɗawa, ƙasa ce da ta ba rundunar sojan Nijeriya 'ya'yanta masu yawa. Duk tsohon sojan da aka samu ya riƙe begila ko ganga a badujala, bakinsa taska ne, domin shi ne mahaɗar kiɗan gida da na bariki.

Abubuwa uku ne ke cinye wannan gado. Na farko, kiɗan fiyano na sutudiyo, wanda ya yi ƙarfi tare da finafinan Hausa tun shekarun 1990, ya sa mutum ɗaya da na'ura yana yin aikin mutum shida, ga kuma masu sa kiɗa da lasifika a wurin biki. Na biyu, ɗan makaɗi a yau ba lalle ne ya gaji ubansa ba, ya tafi makaranta ko birni ko aikin soja, kuma ba mai ganin laifinsa. Na uku, wanda ya fi ciwo, hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu da Sakaba, waɗanda suka yi muni ƙwarai a 2022, sun tarwatsa ƙauyuka. In ƙauye ya watse, mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar ganga. Dandalin da ake kiɗan ya tafi, lokacin da ake yinsa ya wuce ba a yi ba, tsohon da ya san shi yana zaune a gidan wani a Ribah ko Zuru, ba mai tambayarsa kome. Wannan tsoho shi ne Bunk Johnson namu, kuma ba zai jira mu ba.

Abin da Masu Suka Za Su Ce

Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa.

Wani zai ce kiɗa abu ne da malaman addini suka yi magana a kansa, bai kamata a ɗaukaka masu yinsa ba. Amsata ita ce, rubuta tarihin mutum daban, shiga sana'arsa daban. A sassan Hausa an yi nazarin bori, an yi nazarin waƙoƙin Gambu mai waƙar ɓarayi, ba wanda ya ce mai nazarin ya zama ɗan bori ko ɓarawo. Har ila yau, tarihin da aka rubuta da gaskiya yana ɗauke da wa'azi. Wanda ya karanta ƙarshen Charlie Parker ya ga abin da shaye-shaye ke yi wa mai basira. Wanda ya karanta rayuwar Yusuf Latif, wanda a ƙarshen zamaninsa ya daina yin busa a wuraren da ake sayar da giya, ya ga cewa mutum na iya riƙe sana'a ya kuma riƙe mutuncinsa.

Wani kuma zai ce kiɗan Dakarkari da na Kambari ba na Hausa ba ne, me ya haɗa Sashen Hausa da su? To, in mu ba mu yi ba, wa zai yi? Ɗaliban ƙasar Zuru da ke jin harsunan biyu a cikinmu suke. Ban da haka, sanin Hausa ba ya cika sai an san yadda take cuɗanya da maƙwabtanta, abin da ta ara da abin da ta bayar. Mawaƙin da ke fara waƙa da harshen uwarsa ya juye zuwa Hausa don 'yan kasuwa su ji, babu wanda ya fi mu cancantar nazarinsa.

Na uku zai ce mu ɗaliban harshe ne, ba a koya mana rubuta sautin kiɗa ba. Wannan gaskiya ne. Amma aikin da nake kira a yi bai buƙaci wannan ba. Marquis da ya rubuta tarihin Bolden bai taɓa jin busarsa ba. Tambaya ce da saurare da rubutu, kuma wannan shi ne ainihin abin da aka horar da mu a kai. Mu adana sautin yadda yake, masana kiɗa za su zo daga baya su same shi.

Shawarwari

Ina roƙon malamanmu su sa doka cewa duk kundin da aka rubuta a kan waƙar baka ya zo da shafi mai ɗauke da sunan kowane ɗan ƙungiya, da abin da yake kaɗawa, da garinsu, da wanda ya koya masa, da ranar da aka ɗauki waƙar da wurin. Jagorori da yawa sukan ambaci makaɗansu a tsakiyar waƙa, saboda haka tsofaffin kasa-kasai ma za su ba mu bakin zare.

Ina kuma roƙo a riƙa amincewa da kundin da ya tsaya a kan makaɗi guda, ko da bai taɓa rera baiti ba. A tambaye shi salsalarsa, da iccen da ake sassaƙa gangarsa, da fatar da ake rufa ta, da sunan kowane take da ma'anarsa, da ladan da ake ba shi a da da wanda yake samu yanzu. A ɗauki sautin abin kiɗan shi kaɗai, sa'an nan a ɗauke shi cikin ƙungiya. Wayar da ke aljihun kowane ɗayanmu ta fi na'urar da Lomax ya yi aiki da ita a 1938 nesa ba kusa ba.

Sashe ya tanadi wurin ajiya, a yi wa kowane ɗauka lamba, a ajiye shi wuri biyu. A nemi yardar mai abu tun da fari, a ba shi goronsa, a kuma mayar wa iyalinsa kwafe. Inda hanya ba ta da lafiya, kada ɗalibi ya sayar da ransa, ya nemi tsofaffin a garuruwan da suka yi hijira. Kuma kada a dogara da bakin mutum ɗaya, a ji daga abokan sana'arsa da abokan gasarsa.

Kammalawa

Makaɗan jaz sun fito daga cikin ƙasƙanci, da yawansu sun mutu cikin rashi, amma sunayensu sun tsira domin an sami masu tambaya da masu rubutawa a kan kari. Ɗaya daga cikin manyansu ya ga abin da ke cikin sarewarmu har ya ƙetaro teku ya ba ta shekara huɗu na rayuwarsa. Abin kunya ne a ce baƙo ya fi ɗan gida sanin darajar kayan ɗakinsa. Hutu yana tafe. Kowane ɗayanmu, na Danko ne ko na Argungu ko na Gwandu, ya san wani tsohon makaɗi a unguwarsu. Ya je ya gaishe shi, ya zauna, ya fara da tambayar sunansa da sunan wanda ya koya masa. Allah ya ba mu ikon yi tun masu amsawa suna nan, amin.